Yabon Kai Jahilci, Sai Fa a Fage: Nazari a Kan Kirari

Tun yaro yana tatata Bahaushe yake fara rufe masa baki game da kansa. In ya yi abin kirki, ba a son a ji daga bakinsa. In ya girma ya samu, aka tambaye shi ya kasuwa, amsarsa ba ta wuce "da godiya", ko da kuwa ya sayar da kayan rumfar kakaf. Manomin da ya cika rumbu uku cewa zai yi an ɗan samu na kunu. Karin maganar da ke gadin wannan ƙofa kowa ya san ta, yabon kai jahilci, ga kuma 'yar'uwarta mai cewa girman kai rawanin tsiya. Kunya ta kai uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta yabe shi a gaban jama'a, uba kuwa yana iya komawa ga Allah bai taɓa ce wa ɗansa "ka kyauta" ba. Da Anthony Kirk-Greene ya tattara halayen da Hausawa ke auna mutumin kirki da su, a laccarsa da aka buga a 1974, guda goma ya lissafo, ciki har da kunya da ladabi da haƙuri da mutunci. Duk cikinsu babu wadda ta ba mutum izinin buɗe baki ya ce shi ma wani ne.

To amma al'ummar da ta yi wannan hani ita ce ta raini kirari har ya zama sana'ar gado. Sarki na da nasa, gari na da nasa, maƙeri da mahauci da maharbi kowa da nasa. Doki na da kirari, kura na da shi, ko goro ba a bar shi haka nan ba. Baƙo zai ce tufka da warwara ce, ni kuwa ban ga haka ba. Ɗan'adam ba ya iya zama lafiya sai ya ji cewa zuwansa duniya ba asara ba ce, kuma hani ba ya kashe wannan ƙishirwa. Abin da Bahaushe ya yi shi ne ya haƙa mata mashaya, ya kafa sharaɗin sha: ko dai wani ya faɗa a madadinka, ko ka faɗa da bakinka a wurin da za a iya ƙaryata ka nan take.

Kirarin farko da mutum ke ji kyauta yake samunsa. Yawancin sunayen yanka suna tafe da inkiyarsu: Umaru Sanda ne, Ibrahim Cigari, Yusufu Maitama, Haruna Ginsau, Musa Kallamu, Aliyu kuwa tun ranar suna ya gaji jarumtar Sayyidina Ali. Galibi kaka ce ke wannan aiki, don ita kunya ba ta ɗaure ta a kan jika ba. Ta ɗaga shi sama, ta kira shi angonta, ta jero masa kirarin mai sunan, alhali bai tsinana komai ba tukuna in ban da kuka da tsotso. Daga nan gaba, duk wani yabo da zai ji a rayuwarsa sai ya biya, da kuɗi ko da jiki.

Masu biya da jiki su ne 'yan fage, kuma a wurinsu ne kirari ya fi nuna ainihinsa. Dambe a asali wasan mahauta ne, da kaka ake yin sa bayan an kawar da amfanin gona, 'yan wasa suna bin garuruwa tare da makaɗansu. Kowane ɗan damben da ya isa yana da take, wato ɗan guntun kiɗan da aka keɓe masa a kalangu. Da zarar an saka taken, mutumin da ke zaune shiru a gefe sai jikinsa ya ɗauki tsuma, ya zabura, ya ɗaga hannun da aka naɗe da zare ya nufi tsakiyar fage. Kiɗa ya ɗan lafa, shi kuma ya buɗe murya da "sai ni". Ya zama guguwa, ya zama dutse, ya zama ƙaya, ya zama ruwan da ke cin gwani. Ya ambaci waɗanda ya kashe, don a fagen dambe kai mutum ƙasa kisa ake ce masa. Maganar da in ya yi rabinta a majalisar unguwa za a ce ya taɓu, a nan dattawa ne ke gyaɗa kai, mata na rangaɗa guɗa.

Dalilin wannan rangwame a fili yake. Abokin karawa yana tsaye yana sauraro, kuma kafin a kai ƙarshen turmi na uku jama'a za su ga ko dutsen dutse ne. Mai kirari a fage bashi yake ci a gaban shaidu, lokacin biya kuma yanzu ne. Shi ya sa ba a kiran abin da fankama. Mai fankama shi ne wanda ya zaɓi wurin da ba za a ce masa "to bismilla" ba.

Wanda ya saurari kirarin fage da kyau zai lura cewa "ni" ɗin nan ba ta taɓa tsayawa ita kaɗai. Kafin ɗan wasa ya gama numfashi biyu ya ce shi na wane ne: ya ambaci ubangidan da ya koya masa naɗin hannu, da garinsu, da ɓangaren da yake wa wasa, Kudu ko Arewa ko Guramaɗa, wani lokaci har da yarinyar da yake so. A lokacin da ya fi kowane lokaci cika baki, a lokacin ne ya fi jingina kansa da mutane. Wannan ya bambanta da abin da littattafan gina kai na zamani ke koyarwa, cewa mutum ya shiga ɗaki ya dubi madubi ya gaya wa kansa yana da daraja. Ɗan dambe ba zai gane wannan ba. A wurinsa, darajar da ba a faɗa a gaban jama'a ba, wadda kuma ba ta da dangi, ba ta kai a kira ta daraja ba.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne yadda yake yi da wanda ya faɗi. Kowane gwani yana shan ƙasa wata rana. Za a yi ihu, 'yan ɓangarensa su sunkuyar da kai, labari ya riga shi isa gida. Amma ba a karɓe masa take. Gobe in ya dawo, makaɗi zai saka masa kiɗan nan dai, shi kuma ya sake miƙewa ya ce sai shi, ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Ashe abin da jama'a ke shaida a kirarin ba rashin faɗuwa ba ne, yarda ce ta sake shiga. Makaɗi kuma yana iya ɗaukar sunan ya kai shi inda ƙafar ɗan wasa ba ta taka ba. Dubban mutanen da suka san ɗan dambe Shago a yau ba su taɓa ganin naushinsa ba, ta bakin makaɗi Ɗan'anace suka san shi.

A Nijar an ɗauki wannan al'ada an shigar da ita cikin tsarin hukuma. Gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake cin takobi a cikinta, an fara ta a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya lashe ta farko, kuma a yau jihohi takwas ne ke turo 'yan kokowa goma-goma. Ban da kokowar kanta, kirari ma yana da tasa kyautar. Wannan ya taimaka wajen adana fasahar, ya kuma kai ta kunnen duk mai rediyo a ƙasar. Sai dai an yi ɗan rashi a ciki: da zarar alƙalai suka zauna suna auna daɗin kalmomi dabam da abin da zai faru a ƙasa, mutum yana iya cin kyautar kirari ya sha kaye a zagayen farko. Haka nan a gona, inda makaɗin noma ke bin bayan samari ranar gayya yana zuga wanda ya fi cin kuyya, gumi ne hujja. A ƙasar Maraɗi da wasu sassan ƙasar Hausa, manomin da ya tara dami dubu yakan yi biki a naɗa shi Sarkin Noma, kuma a bikin sai ya rabar da dukiya mai yawa. Suna yake saya da hatsin, kuma kowa ya ga hatsin da idonsa.

Hanya ta biyu, ta aron baki, ita ce ta fi faɗi, ita ce kuma ta fi rikici. Dubi sarki a zaman fada. Amawali ya rufe masa baki, ko gaisuwa ba ya amsawa da kansa, fadawa ne ke cewa "Sarki ya gaishe ka". Mutumin da ya fi kowa shiru a gari shi ne wanda aka fi kowa yi wa kirari, kuma abubuwan biyu tare suke tafiya: gwargwadon girmanka, gwargwadon yadda ba ya kamata ka faɗe shi da kanka. Sai tambari da kakaki da algaita su faɗa, makaɗan taushi da na kotso su faɗa, sanƙira ya tsaya yana warware nasaba tun daga kakannin kakanni. Abin daɗaɗɗe ne. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya adana kirarin sarakuna da na jarumawansu, wasu ma kirarin ne kusan duk abin da ya rage na labarinsu.

M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1957 cewa roƙo hanya ce da al'umma ke shelanta abin da take ɗauka da muhimmanci, take kuma tuna wa kowa matsayinsa. Gaskiya ne, domin maroƙi ba ya yabon mutum da abin da ya ga dama. Asali yake yabo, da kyauta, da jarumtaka, da riƙon talakawa, kuma wanda aka yaba da kyauta a gaban taro an ɗaure shi ke nan, dole ya sa hannu a aljihu. Yabon yakan zama umarni a fakaice: ga irin mutumin da muka ce kai ne, sai ka zama shi. Akwai sarakuna da attajiran da waƙa ta sa suka yi alherin da ba su yi niyya ba.

Amma a nan ne ɓarakar take. A fage jiki ne ke gaskata magana, a roƙo kuwa kyauta ce, kuma kyauta ba ta tambayar inda aka samo ta. Ga kuma zambo a ɗaya hannun maroƙin. Wanda ya hana, ko abokin hamayyar ubangida, sai a siffanta shi yadda yara za su riƙa binsa da dariya a kasuwa, ba tare da an kama sunansa ba. Mutane da yawa da suka yi wa maroƙi kyauta ba yabo suke saya ba, bakinsa suke toshewa. Mutunci madara ne, in ji Hausawa, in ya zube ba ya kwasuwa, kuma maroƙi ya san a hannun wa ƙwaryar take.

Shi kansa mai rabon darajar fa, ina tasa? A tsohon tsarin zaman Hausawa maroƙa da makaɗa suna can ƙasa, kusa da mahauta, kuma gidaje da yawa ba sa ba su aure. Mutumin da sarki ke jin daɗin muryarsa, wanda zai iya ɗaga basarake ko ya kunyata shi da baiti ɗaya, shi ne ake cewa ɗiyar mutunci ba ta shiga gidansa. Ina ganin daga wannan ciwo ne waƙar Bakandamiya ta fito. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, yana da tasa, Mamman Shata yana da tasa, kuma a cikinsu mawaƙin yakan juyo da kalangu ko kotso kansa, ya yi wa kansa abin da ya shekara yana yi wa wasu. An yarda masa ne bisa sharaɗin nan na fage: waƙar da yake cika baki a cikinta ita ce hujjarsa, in ba ta yi daɗi ba ya ƙaryata kansa da kansa. Shata bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya shiga harkar ba. Kafin rasuwarsa a 1999 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, a 1988, har "Dokta" ta manne wa sunansa. Wannan ma wani kirari ne, na 'yan boko, da riga da hula maimakon kalangu.

Tambayar da ta fi damuna ita ce su wa tsarin ya bari a waje. Roƙo yana bin mai abin hannu, fage yana bin mai ƙarfi. Talakan da ba shi da ko ɗaya fa? A nan ne Ɗanmaraya Jos ya yi abin da ya fi ƙarfin nishaɗi. Shi da ya tashi maraya, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya ɗauki karen mota, yaron da ke kwana a kan kaya yana shan zagin direba da na fasinja, ya yi masa waƙa sukutum. Bai mai da shi sarki ba, wahalarsa ya zayyana dalla-dalla, amma zayyanawar kanta shaida ce cewa wani ya gan shi. Barmani Choge ta yi wa matan cikin gida irin wannan da ƙwaryar amada. Matar da ke kulle, wadda ba ta da fage ba ta da fada, ta ji ana rera cewa ƙuli-ƙulinta da ɗan adashinta abin alfahari ne, kuma wadda ta zauna ba sana'a ita ce abar dariya. Ɗanmaraya ya rasu a 2015, Barmani a 2013, kuma har yau ban ga waɗanda suka ɗauki wannan ɓangare na aikinsu da gaske ba.

Sai kuma misalin da ba a son tunawa. Gambu ya yi suna ne da waƙar ɓarayi, Kassu Zurmi ma cikin waɗanda ya wasa akwai 'yan tauri da mutanen dare. Ɓarawo ma yana son a ce ya iya, yana kuma biyan mai faɗa. Wannan ya nuna cewa kirari ba ruwansa da halal ko haram: duk inda mutum ya fi wani, ko a ɓarna ne, yana neman a shaida. Wanda al'umma ta rufe wa ƙofar yabo ta gaba, zai zagaya ta baya. Duk mai son fahimtar abin da ke jan yaro cikin daba a Kano ko Kaduna, ya saurari irin sunayen da suke laƙaba wa junansu da yadda ake kiransu in an haɗu.

Malamai sun daɗe da ganin haɗarin. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim da umarnin a watsa ƙasa a fuskar masu yawan yabo, wani kuma ya kwatanta yabon mutum a gabansa da yanke masa wuya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, ya sanya shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan da ya yi wa jihadi. Masana tarbiyyar zuciya kuma suna lissafa riya da jiji-da-kai cikin cututtukan da ke cinye aiki. Amsar da addini ya bayar ta fi ta fage da ta fada zurfi: aya ta 70 a Suratul Isra'i ta tabbatar da cewa Allah ya karrama 'ya'yan Adamu, tun kafin ɗayansu ya yi wani abin a zo a gani, aya ta 13 a Suratul Hujurati kuma ta ɗora fifiko a kan taƙawa, wadda ba mai ganinta sai Shi. Mai ga-ruwa da Sarkin Kano sun yi daidai a ta farko, a ta biyu kuma ba wanda ya san wa ke gaba.

Duk da haka tambari bai bar fada ba. Jikokin masu jihadin sun riƙe makaɗansu, har Salihu Jankiɗi ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a cikin birnin Shehu. Ba na ɗaukar wannan a matsayin taurin kai kawai. Sanin cewa kana da daraja a wurin Allah abu ne na zuciya, kunne kuwa yana son ya ji da muryar mutum. Su kansu almajiran ilimi ba su tsira ba: a duba yadda ake gabatar da malami kafin ya hau kujerar wa'azi, laƙabi bisa laƙabi, sai dai ba kalangu.

Abin da ya canja a zamaninmu shi ne sharaɗin gwaji ya yi rauni, sharaɗin biya ya yi ƙarfi. Ango ko ɗan takara yana aika jerin sunaye da kuɗi zuwa situdiyo, bayan kwana biyu waƙa ta fito, mawaƙin bai taɓa ganinsa ba. Masarautu suna ta ƙirƙiro sarautun da ba su da aiki sai rawani. A wurin biki, liƙi ya koma gasar masu liƙin, wanda ake yi dominsa yana tsaye kamar shaida. Ranar zagayowar haihuwar mai kuɗi, Facebook yakan cika da kirarin yaransa, kowa da hoton da suka ɗauka tare. Zambo kuwa ya koma hannun sojojin baka, waɗanda ke zagin wanda aka nuna musu a rediyo da safe, in ciniki ya juya su yabe shi da yamma. Makaɗin fada na da yakan rayu ya mutu a ƙofar gida ɗaya, yana yi wa uba waƙa ya yi wa ɗa, kuma saboda wannan zaman yana da bakin da zai yi wa sarki hannunka-mai-sanda a cikin yabo. Mawaƙin siyasa na yau kwangila ce ta haɗa shi da mai gidan. Ran da aka faɗi zaɓe, waƙar takan ɓace daga motocin haya cikin mako guda, amshin kuma a gyara shi a sa sunan wanda ya ci.